Yarinyar da Aka Hana Yin Ƙara

A watan Nuwamba na 1970 wata mata da ta kusa makancewa ta shiga ofishin jin daɗin jama'a a yankin Los Angeles, a Amurka, tana neman tallafin makafi. Kuskuren ƙofa ta yi. Ma'aikaciyar da ta tarar ta ƙura wa 'yar matar da ke tare da ita ido, ta ɗauka 'yar shekara shida ce ko bakwai. Ashe shekarunta 13, nauyinta bai wuce kilo 27 ba, kuma ba ta magana.

Tun tana da wata 20 a duniya mahaifinta ya kulle ta a ɗaki. Da rana ya ɗaure ta a kan fo, da dare ya sa ta a gadon jarirai mai murfin waya. In ta yi ƙara, ya ɗauko katako ya jibge ta. Shi kuwa ba ya ce mata uffan, sai haushi da gurnani irin na kare. Bayan asirinsa ya tonu, ranar da zai gurfana a kotu ya harbe kansa.

Masana suka laƙaba mata suna Genie don sakaya sunanta. Sun yi rububinta, domin a 1967 wani masani, Eric Lenneberg, ya ce in yaro ya balaga bai koyi harshe ba, da wuya ya iya shi yadda ya kamata. Susan Curtiss, ɗalibar ilimin harshe, ta shafe shekaru tare da ita. Genie ta haddace ɗaruruwan kalmomi, tana ɗokin sanin sunan kowane launi. Amma ɗinka su su zama jimla ya gagara. Sai ta jera kalma biyu ko uku ta tsaya. Gaisuwa ma ba ta zauna mata ba, kuma in ta fusata ba ta ihu, kanta take yaƙushi. Abin mamaki, da ido kawai takan sa baƙo ya miƙa mata abin da ke hannunsa.

Kuɗin bincike ya yanke a 1974. Daga baya Genie ta koma hannun mahaifiyarta, uwar ta kasa riƙe ta, aka shiga yawo da ita gidajen riƙo. A ɗaya daga ciki aka lakaɗa mata duka saboda ta yi amai. Daga nan ta ji tsoron buɗe baki, ko don cin abinci, yawancin maganar da ta sha wahalar koya ta zube. A 1978 mahaifiyarta ta hana masanan sake ganinta.