Rubutu mai kama da na hannu: abin da ya kamata a duba kafin a buga allon shago

Duk wanda ya ratsa unguwar Lazare a birnin Yamai zai ga alluna iri biyu a ƙofar shaguna. Akwai na fenti da buroshi, irin na masu aski, teloli da masu gyaran babur, akwai kuma waɗanda aka tsara a kwamfuta ko wayar salula aka buga a kan leda. Su ma na bugun, da yawa suna kwaikwayon hannun mai fenti ne: haruffa masu ƙiba, masu ɗan karkata, kamar suna wasa.

Yadda ake samar da irin wannan salo shi ne, mai zane ya zana kowane harafi da hannu, sannan a shigar da su kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi shahara shi ne Comic Sans, da Vincent Connare ya zana wa kamfanin Microsoft a shekarar 1994. Yau matasa na samun irinsu birjik a manhajoji kamar Canva da PixelLab, suna haɗa katin biki, na suna ko tallar abinci. Irin wannan salo ya dace da babban suna mai kalma biyu ko uku. Farashi da lambar waya kuwa sun fi son rubutu miƙaƙƙe da za a karanta daga bakin titi.

Matsalar tana ga haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da kuma ƴ, wadda Nijar ta tabbatar a ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999, yayin da a Najeriya ake rubuta 'y. Galibin masu zana waɗannan salo Turanci ko Faransanci suke da shi a rai, don haka ba su zana su ba. Idan harafin babu shi, na'ura kan aro shi daga wani salo daban, ya fito bare a tsakiyar kalma, ko kuma ta bar ɗan akwati fanko. Sai mai tsarawa ya cire ƙugiyar don ya huta, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. Mai buroshi bai san wannan damuwa ba, ƙugiya a wurinsa jan hannu ɗaya ce.

Batun ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Masu son rubuta allunansu da Hausa na iya gwada Andika, salon da ƙungiyar SIL ke bayarwa kyauta, wanda ke ɗauke da haruffan huɗu.

Kafin mai shago ya biya kuɗin bugu, ya nemi a rubuta masa "ɓ ɗ ƙ ƴ" manya da ƙanana a cikin salon da ya zaɓa. Idan sun fito daidai da sauran haruffa, sai a buga. In ba haka ba, a sauya salo, ko a kira mai fenti.