Malam Maman Barka: malamin da ya koma ɗalibi

Ɗan'uwa mai karatu, ka san goge. Ka ji shi gidan biki, ka ji shi a rediyo. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, aka ɗaura mata izgar doki. Tsirkiyarsa ɗaya tak, amma in gwani ya riƙa shi, sai ka ce mutum ne ke magana.

Turawa ma suna da nasu gogen. Da katako ake yin shi, tsirkiyarsa 4, ana dafe shi da haɓa. Can wurinsu, babban gwanin goge yakan yi aiki uku. Ya yi kiɗa gaban jama'a. Ya koya wa na baya. In ya ƙware sosai kuma, ya tsaya gaban makaɗa, wani lokaci sun fi 70, da ƴar sanda a hannu, yana nuna musu inda za su shiga da inda za su tsaya. Kiɗan nasu a rubuce yake cikin takarda. Shi ya sa har yau suna kaɗa abin da aka tsara shekara 300 da suka wuce.

Mu kuwa namu kiɗan a kai yake, da yatsu. In mai shi ya mutu bai koya wa kowa ba, shi ke nan, an binne su tare. A nan jiharmu ta Damagaram an yi wani mutum da ya gane haka, ya tashi tsaye. Sunansa Malam Maman Barka.

An haife shi a 1959 a Tesker, arewa da Gure. Ɗan Tubawa ne, iyayensa makiyaya. Aka sa shi lakwal, ya yi karatu har ya zama mushe, yana koyar da yara. Amma tun yana saurayi hannunsa ya saba da gurumi. Kai ma ka san gurumi: ƴar ƙwarya da dogon wuya, ba a goga shi kamar goge, da yatsa ake kaɗa shi. Da shi ne Maman Barka ya yi suna. Muryarsa ta shiga rediyo, kaset ɗinsa ya shiga kasuwanni, daga Magarya da Dungas har Nijeriya. Da Hausa yake yawancin waƙoƙinsa, kowa na jin abin da yake faɗi. Daga baya ya yi aiki a Yamai, a makarantar kiɗa ta Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989.

To, in wani ne, ai sai ya ce ya gama. Yana da suna, yana da aiki. Amma sai ya ji labarin wani abin kiɗa da ake ce ma biram.

Biram na Buduma ne, masunta da makiyayan da ke zaune a tsibiran tafkin Cadi. In ka gan shi, sai ka ce ƙaramin kwalekwale ne aka rufe da fata. Tsirkiyarsa 5. Buduma suna girmama shi ƙwarai. A al'adarsu ta da, sun ce iskan tafki ne ke tsaron shi. Amma zamani ya juya. Farin da aka yi a 1973 da 1984, wanda mu ma ba mu manta ba, ya janye ruwan tafkin. Mutane suka watse neman abinci. Samari suka daina kula da kiɗan kakanni. A ƙarshe gwani ɗaya aka sani ya rage, wani tsoho, Bukar Tar.

A 2002 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wa Maman Barka da kuɗin karatu. Ya bar Yamai, ya tafi can gabas, bakin tafki, ya sami tsohon. Ka duba fa. Mutum ya haura shekara 40. Shi ne malami, shi ake tafa wa. Ga shi ya zauna ƙasa gaban wani, yana koyo daga farko. Yatsun da suka saba da gurumi, dole su koyi sabuwar tafiya. Waƙoƙin kuma da harshen Buduma suke, ba harshensa ba. Gaskiyar Hausawa, gemu ba ya hana ilimi. Ya daure har ya iya. Tsohon ya yarda da shi, ya ba shi biram. Da Bukar Tar ya rasu, amanar ta koma wuyan Maman Barka.

Bai ɓoye ta cikin ɗaki ba. Ya haɗa kai da Umaru Adamu, gwanin kalangu da ƙwarya, suka shiga duniya. A 2008 sun yi wasa a Ingila, a babban taron makaɗa da ake kira WOMAD. A 2009 aka fitar da faifansa can Turai, da waƙoƙin Buduma, da Tubanci, da Barbarci, da Hausa. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Buduma ba, suka ji biram. A gida kuma, shi da abokansa makaɗa sun bi makarantu suna kaɗa wa yara, don su san kayan ƙasarsu.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 21 ga Nuwamba 2018. Allah ya jiƙansa. Muryar biram tana nan cikin faifai, duk mai so zai iya saurare.

Ina yaro, akwai wani tsoho mai goge a ƙauyenmu. In ya goga, har mata na barin daka. Ƴaƴansa ba wanda ya koya. Da ya rasu, gogen ya yi shekaru rataye a bango, har gara ta cinye ƙwaryar. Yau ko take ɗaya nasa ba wanda ya riƙe. Ni kaina na manta.

Kai fa? A garinku akwai tsoho ko tsohuwa mai abin da ba kowa ya iya ba. Ko kiɗa, ko saƙa, ko jima, ko tarihin gari. Je ka gaishe shi, ka zauna. Yanzu ka iya riƙa alƙalami. Rubuta sunansa, da wanda ya koya masa, da abin da ya faɗa maka. Ka kawo aji mu karanta tare.

Tambayoyi

1. Tsirkiya nawa goge ke da ita? Biram fa?
2. A wane gari aka haifi Malam Maman Barka?
3. Me ya sa biram ya kusa ɓacewa?
4. Wa ya koya wa Maman Barka biram, kuma a wace shekara ya tafi wurinsa?
5. Rubuta sunan sana'a ɗaya da ta kusa ɓacewa a garinku.