Fitilar Ɗakin Samari

A gidaje da yawa yanzu akan sami yaro guda wanda hankalinsa duka yana kan kwamfuta. In an aike shi kasuwa sai ya biya ta layin masu gyaran waya. In wayar maƙwabta ta ƙi kamawa, shi za a kira. Iyayensa kuwa ba su san ko su yi murna ko su damu ba. Mu ma muna da irinsa a gidanmu a Jos. Ɗan ƙanwarmu ne, shekararsa 22, ya gama makaranta yana jiran kiran bautar ƙasa. Mun daɗe muna yi masa kallon mai ɓata lokaci, gama fitilar ɗakinsa ba ta mutuwa sai wajen asuba, mu kuwa ba mu taɓa shiga mu ga abin da yake yi ba.

Da safe aikinsa na fari shi ne ya hau tsani ya goge farantin sola, domin ƙurar hunturu takan rufe shi har caji ya ragu. Sa'an nan ya koma teburinsa. Akwai ƙananan sukudireba a kai, da tsohon buroshin haƙori, da mita ta gwada wuta, da gwangwanin madara cike da kusoshi ƙanana kamar tsabar gero. Da rana maƙwabta sukan zo. Wata ta manta lambar buɗe wayarta, wani kwamfutarsa tana zafi tana mutuwa da kanta. Yawanci, in ji shi, ba wata cuta ba ce, ƙura ce ta toshe fanka. Yakan buɗe ya share, mai abu ya tafi yana godiya. Ba ya yanka musu kuɗi, abin da suka ba shi ke nan, wani lokaci ma ƙosai.

Abin da ya sa muka shiga ɗakin nan shi ne tsohuwar kwamfutar gida. Ta hannu muka saye ta shekaru da suka wuce, a cikinta kuwa akwai lissafin adashin da uwargida take riƙe wa matan unguwa, da hotunan yara tun suna jarirai. Babbar manhajar da take tafiyar da ita Windows 10 ce, wadda ta fito a 2015. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro, sai ga waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adi. Wato kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma in ɓarayin intanet suka gano wata sabuwar kafa, ba mai toshe ta. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana bukatar sabon inji da wani ɗan guntun abin tsaro wanda tamu ba ta da shi. Muka tambayi kuɗin sabuwa, muka komo gida shiru.

Yaron ya ce, "Kawu, kada a sayi kome tukuna. A ba ni kwana uku."

Da fari ya kwashe dukan abin da ke ciki ya ajiye wuri biyu dabam, ya kuma sa uwargida ta buɗe lissafinta a can ta tabbata ba abin da ya ɓace. Sa'an nan ya cire tsohon faifan ajiya. Ya nuna mana shi, ya ce a cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 a minti guda, da wani ɗan hannu mai bin sa yana karantawa, shi ya sa akan jira kafin abu ya buɗe. Ya sa wani sabo marar juyi, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Wannan kaɗai muka saya. Bayan haka ya sa mata wata babbar manhaja da ake kira Linux Mint, wadda ake samu kyauta.

Mu dai ba mu yarda da abin kyauta ba, gama mun san araha ba ta ado. Sai ya ba mu labarin asalinta. A watan Agusta 1991 wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana da shekara 21, ya aika da saƙo ga masu sha'awar kwamfuta cewa yana haɗa wata manhaja don nishaɗin kansa kawai. Ya saki aikin a fili, kowa ya duba, kowa ya gyara, muddin shi ma zai bar gyaransa a fili. Dubban mutane suka sa hannu, waɗansu kamfanoni ne suke biyansu, waɗansu kuwa sha'awa ce kurum. Yau a kan wannan tushe aka gina Android da ke cikin yawancin wayoyinmu. Ashe mun daɗe muna amfani da aikin ɗalibin nan ba mu sani ba. Muka lura kuma, shi ma a lokacin bai kai yaronmu shekaru ba.

A dare na biyu aikin ya cije. Kome ya tashi daidai, amma kwamfutar ta ƙi kama intanet. Muna zaune kusa da shi sa'ad da ya rubuta tambaya a wani zaure na masu amfani da manhajar. Ashe wurin nan yana da ladabinsa. Ba a shiga a ce "ku taimake ni" kawai. Sai mutum ya faɗi irin injinsa, da abin da ya riga ya gwada, da saƙon da injin ya nuna masa harafi da harafi. Wani ya fara amsawa da faɗa, wai me ya hana shi duba tsofaffin amsoshi tukuna. Yaron ya haɗiye, ya ba da haƙuri. Can sai wani, wanda a ƙasarsu rana ce a lokacin, ya bi da shi mataki mataki har abin ya kama. Ba su san juna ba, ba wanda ya biya wani. Kafin ya kwanta ya koma ya rubuta abin da ya warware matsalar, domin wanda zai zo bayansa. Wanda ya taɓa fita aikin gayya a ƙauye ba zai rasa gane wannan ba, sai dai a nan ba kunu ba kiɗa.

Kada mai karatu ya ɗauka kome ya tafi sumul. Uwargida ta yi mako guda tana gunaguni, gama maɓallan da ta saba da su sun sauya wuri, ta kuma koyi wata manhajar lissafi mai suna LibreOffice. Akwai kuma manhajojin da ba sa aiki a kan Linux sam. Wanda aikin ofishinsa ya rataya a kan irinsu, sai ya yi tambaya sosai kafin ya sauya.

Sha'awar nan tana da nata haɗari, mun kuwa gan shi da idonmu. Yaron yakan farke matattun batiran kwamfuta ya ciro ƙananan batira masu siffar gora, kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Ba dukansu suke mutuwa tare ba, don haka yakan zaɓi masu rai ya yi fitila da su. Wata rana da dare guda ya yi zafi a wurin caji har ya narkar da robar da ke riƙe da shi. Wari ne ya tashe mu. Irin wannan batir in ya kama wuta da wuyar kashewa, katifa kuwa tana kusa. Tun daga ranar ba a cajin su sai da rana, a kan siminti, da mutum a wurin.

Na biyun ya fi ba mu tsoro. Ba dukan baƙin intanet ne masu taimako ba. Wani da ya ga yaron yana da hannu ya bi shi ta saƙon sirri, ya yaba masa, daga baya ya kawo tayi: za a riƙa turo kuɗi cikin asusunsa na banki, shi kuwa ya tura gaba ya riƙe kasonsa. Kuɗin zamba ne ake nema a ɓad da sawunsa, sunan da hukuma za ta gani kuwa na mai asusun ne. Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet tun 2015, hukumar EFCC kuma tana kama samari a kan irin wannan. Yaron da ba shi da albashi, tayin nan ba ƙaramin gwaji ba ne. Ya nuna mana saƙon da kansa, muna tsammani kuwa da ba mu riga mun saba zama a ɗakinsa ba, da ba mu ji labarin ba.

Batun barci har yanzu ba mu gama shi ba. Hujjarsa ita ce data ta fi araha da tsakar dare. Hujjarmu ita ce wanda ya kwanta da asuba ba ya ɗebo ruwa da safe, ba ya kuma cin abinci tare da mutane. Mun shirya a kan ya kashe fitila ƙarfe 12, in akwai babban abin saukewa ya sa shi ya kwanta, inji ya yi aikinsa shi kaɗai. Wani dare yakan cika alkawari, wani dare mukan ƙwanƙwasa ƙofa.

Takardar bautar ƙasa tana iya zuwa kowane lokaci, uwargida kuwa ta fara tambaya wa zai share fanka in ya tafi. Ran Asabar da ta wuce muka tarar ya zaunar da autarmu, 'yar shekara 11, ya kife kwamfutar a gabanta, ya miƙa mata sukudireba. Tana kwance kusoshin ɗaya ɗaya, tana jera su a kan takarda yadda suke a jikin injin, domin kada dogo ya shiga ramin gajere.