Shin Ko Kun San? Da Hitila Ya Ci Yaƙi, Ina Gwamnatin Vichy Za Ta Kwana?

Shin ko kun san cewa daga Yulin 1940 zuwa Nuwamban 1942, mutumin Maraɗi da ɗan'uwansa na Katsina suna ƙarƙashin gwamnatoci biyu da ba sa ga maciji? Katsina tana hannun Ingila, wadda ke gwabzawa da Hitila. Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai kuwa daga Dakar suke karɓar umarni, ita kuma Dakar tana karɓa daga Vichy, wani ƙaramin gari a tsakiyar Faransa inda aka kafa gwamnatin da ta zaɓi yin aiki da Jamus bayan an ci ƙasarta da yaƙi. Saboda haka tambayar abin da zai faru da wannan gwamnati da iyayen gidanta sun yi nasara ta shafe mu kai tsaye.

Ko kun san an zaɓi Vichy ne saboda otal-otal? Gari ne na ruwan magani da masu hali ke zuwa hutawa, yana da ɗakuna masu yawa da tashar tarho ta zamani. Aka mai da ɗakunan kwana ofisoshin ministoci.

Shin ko kun san cewa 'yan majalisar Faransa ne da kansu suka miƙa mulkin? Ranar 10 ga Yuli, 1940, mutum 569 suka kaɗa ƙuri'ar ba Marshal Philippe Pétain, dattijo ɗan shekara 84, cikakken iko. Mutum 80 kacal suka ce ba su yarda ba. Amurka ta amince da gwamnatin har ta aika mata jakada, Admiral William Leahy. Shi ya sa masana ke gardama kan ko daidai ne a kira ta gwamnatin jeka-na-yi-ka tun ranar farko. Ni dai a ganina wannan gardama ba ta rage mata laifi ko kaɗan. Mutum ya ɗauki kansa da ƙafarsa ya kai ya fi muni a kan a ja shi da igiya.

Ko kun san cewa har aka gama yaƙin, Jamus ba ta taɓa ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Vichy ba? Abin da aka sa wa hannu ranar 22 ga Yuni, 1940 a dajin Compiègne, cikin taragon jirgin ƙasan da Jamus ta amsa shan kaye a 1918, tsagaita wuta ne kawai. Jamus ta riƙe kimanin kashi uku cikin biyar na ƙasar, har da Paris da dukan gaɓar tekun Atilantika, ta ƙayyade sojan Faransa a 100,000, ta kwashe fursunonin yaƙi wajen miliyan ɗaya da rabi zuwa cikin ƙasarta. Ainihin hukunci kuwa aka ajiye shi sai ranar da Ingila ta faɗi. A nan duk lissafin Pétain da mataimakinsa Pierre Laval ya ta'allaƙa: a nuna biyayya yanzu, don ranar rabo a sami sassauci. A Yunin 1942 Laval ya fito a rediyo ya ce yana fatan Jamus ta yi nasara.

Shin ko kun san cewa Faransa ce ke biyan kuɗin mamayarta? Faran miliyan 400 kowace rana, daga baya aka ɗaga zuwa miliyan 500. Kuɗin ya zarce abin da sojan mamaya ke ci nesa ba kusa ba, rarar kuma da ita Jamusawa ke saye kayan Faransa a kasuwannin Faransa.

To me aka tanadar mata ranar rabon? Ko kun san cewa taswirar tana nan a rubuce tun Yunin 1940? Wani babban jami'in ma'aikatar cikin gida ta Jamus, Wilhelm Stuckart, ya tsara sabuwar iyaka da za ta taso daga bakin kogin Somme ta gangara har kusa da tafkin Geneva, wato a yanke arewa maso gabashin Faransa gaba ɗaya. Ba a kuma jira ƙarshen yaƙi ba kafin a fara. An haɗe Alsace da Moselle da Jamus a aikace, aka hana harshen Faransanci, aka tilasta wa samarinsu kimanin 130,000 sa kakin sojan Jamus, yawancinsu aka tura su fagen Rasha. Jihohin Nord da Pas-de-Calais, masu ma'adinan kwal, aka sa su ƙarƙashin hukumar soja da ke Brussels. Wani yanki mai faɗi kuma aka hana waɗanda suka yi gudun hijira komawa gidajensu, wani kamfanin Jamus ya karɓe gonaki da yawa a Ardennes. A ɓangaren Himmler, shugaban dakarun SS na Hitila, ma an yi ta maganar kafa wata ƙasa ta waɗannan dakaru a Burgundy. Wanda ya duba waɗannan ya san Faransar da za ta fito daga nasarar Hitila guntuwa ce: gona da wurin shaƙatawa, ba soja, ba masana'antu masu nauyi a hannunta.

Ko kun san cewa ba Jamus kaɗai ke jira da wuƙa ba? Musolini na Italiya yana son Nice da Savoie da tsibirin Corsica da Tunisiya da Jibuti. Janar Franco na Sifaniya yana son Marokon Faransa da Oran ta Aljeriya. Ya faɗa wa Hitila haka a Hendaye ranar 23 ga Oktoba, 1940, washegari kuma Hitila ya gaisa da Pétain hannu da hannu a Montoire. Japan ta riga ta shigar da soja Indochina tun Satumba.

Me ya hana a raba nan take? Tsoro ne. Hitila ya san idan gwamnonin Faransa da ke Afirka suka ji an yi alkawarin ƙasashensu ga Sifaniya ko Italiya, za su koma bayan Ingila da Janar de Gaulle, Bafaranshen da ya ƙi miƙa wuya ga Jamus. Jamus ba ta da jiragen ruwan da za ta tsare Afirka da kanta. Don haka ta bar Vichy ta yi mata gadi kyauta, Vichy kuwa tana alfahari da cewa ta ceci daularta. Da sojan Vichy aka kori Ingila da de Gaulle daga gaɓar Dakar tsakanin 23 da 25 ga Satumba, 1940, a ƙarƙashin gwamna janar Pierre Boisson.

Shin ko kun san cewa Jamus tana da ofishi guda na shirin mulkin Afirka alhali ba ta da ko taƙi ɗaya a nahiyar? Janar Franz Ritter von Epp ne ke shugabantarsa. Burin shi ne wata ƙatuwar daula a tsakiyar Afirka daga teku zuwa teku: a maido Kamaru da Togo da Tanganyika da aka ƙwace mata bayan yaƙin farko, a haɗa da Kwangon Beljiyam da yankin Faransa na tsakiyar Afirka, wasu tsare-tsaren kuma sun lissafa har da Najeriya. An buɗe makarantar horar da 'yan sandan mulkin mallaka a Oranienburg, kusa da Berlin. An kuma rubuta daftarin dokar da za ta haramta aure da saduwa tsakanin Bajamushe da baƙin mutum. Ba sai an yi dogon hasashe kan yadda za a bi da mu ba, domin an gwada a gida: a 1937 an yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da matan Jamus a yankin Rhine aikin hana haihuwa da ƙarfi. A Yunin 1940 kuma sojan Jamus sun ware baƙaƙen sojojin Faransa da suka miƙa wuya sun harbe su a wurare da dama, ciki har da Chasselay kusa da Lyon. Kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Gabon, an harbe shi a Airaines ranar 7 ga Yuni saboda ya tsaya kan cewa a ɗauke shi a matsayin hafsa kamar takwarorinsa farare.

Wannan fargaba ta iso ƙasar nan tun kafin a harba bindiga. A 1938 jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Hitila don a zauna lafiya, har sai da gwamnati ta fito ta musanta. A cikin wannan yanayi aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a Janairun 1939.

Ko kun san cewa fursunonin yaƙi 'yan Afirka, a Faransa aka tsare su, don Jamus ba ta son su taka ƙasarta? Léopold Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal daga baya, yana cikinsu. Daga 1943 Vichy ta yarda hafsoshin Faransa su riƙa gadin waɗannan sansanoni a madadin Jamusawa. Mutanen da suka baro gida don kare Faransa, sai ga hafsoshin Faransa tsaye a kansu da bindiga. Duk cikin labarin nan wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Shin ko kun san cewa zinariyar Beljiyam kusan tan 200 ta bi ta Kogin Kwara? Beljiyam ta ba Faransa ajiya, Faransa ta gudu da ita Dakar, daga nan zuwa Kayes a ƙasar Mali ta yau. Da Jamus ta nema, Vichy ta miƙa amanar. Aka ɗauko ta a jirgin ƙasa da jiragen kogi da manyan motoci, aka ƙetare Sahara zuwa Aljeriya, daga nan Marseille, har Berlin. Sai 1942 aka gama jigilar.

Ko kun san an fara shimfiɗa layin dogo da zai ratsa Sahara ya haɗa Bahar Rum da Kogin Kwara? Dokar Maris 1941 ce ta kafa aikin. Waɗanda suka fasa duwatsun a kudancin Maroko da Aljeriya fursunoni ne: Yahudawa, 'yan gudun hijirar Sifaniya da sauran waɗanda gwamnati ba ta so. Ɗan guntu kawai aka gina. Da Jamus ta yi nasara, kusan tabbas ne da an ci gaba da shi zuwa kudu, domin audugar Mali da gyaɗar Sahel su isa Turai ba tare da bin tekun da Ingila ke tsare ba. Ba kuma sai an tambayi waɗanda za a kamo su ɗauki diga a wannan ɓangaren ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shin ko kun san cewa dokar ware Yahudawa ta 3 ga Oktoba, 1940, Vichy ce ta rubuta ta ba tare da Jamus ta nema ba? Bayan kwana huɗu ta soke 'yancin zama 'yan ƙasa na Yahudawan Aljeriya. 'Yan sandan Faransa ne suka kama mutum fiye da 13,000 a Paris ranakun 16 da 17 ga Yuli, 1942, sama da 4,000 daga cikinsu yara. Jimillar waɗanda aka kwashe daga Faransa ta kai kimanin 76,000, kaɗan ne ƙwarai suka dawo. Sai a 1995 shugaba Jacques Chirac ya amsa a bainar jama'a cewa ƙasar Faransa tana da hannu.

Ko kun san cewa wanda ya fara ɓara lissafin Vichy a Afirka baƙin mutum ne? Félix Éboué, gwamnan Chadi, haifaffen Guyane, ya bayyana goyon bayan de Gaulle ranar 26 ga Agusta, 1940. Kamaru ta bi washegari, Brazzaville kuma ranar 28. Wannan ne ya buɗe hanyar sama: a haɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su biyo Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan zuwa Masar. Dubban jirage suka bi ta nan. Abin ya dami Jamus har ta aiko jirgi ɗaya daga Libiya a Janairun 1942 ya yi ruwan bama-bamai a ma'ajiyar man Fort-Lamy. Da Chadi ta tsaya da Vichy kamar Nijar, da an datse hanyar daga gabashin Borno.

Kada dai mu wanke ɓangaren da ya yi nasara. Tsakanin 1942 da 1944 Ingila ta kwashi mutanen Arewa kimanin 100,000 da tilas zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa kuma sanyi da cuta suka kashe su a can. Bambancin shi ne ƙofar da ta buɗe bayan yaƙi. A Afrilun 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas da dokar da Félix Houphouët-Boigny ya gabatar, a shekarar aka kafa jam'iyyar PPN a Nijar, bayan shekara 14 kuma aka sami 'yanci. Duk wannan ta majalisa ya biyo, ita kuwa Vichy majalisa ta fara rufewa.

Shin ko kun san cewa Jamus ta nuna ƙarshen labarin da kanta? Kwana uku bayan sojan Amurka da Ingila sun sauka Arewacin Afirka, ranar 11 ga Nuwamba, 1942, ta mamaye ragowar Faransa, ta rushe ƙaramar rundunar da ta bar wa Pétain. Da zarar aikin gadin Afirka ya ƙare, amfanin Vichy ya ƙare. Sojan ruwan Faransa suka nutsar da jiragensu a Toulon ranar 27 ga wata don kada su faɗa hannun Jamus, Boisson ya sauya sheƙa a Dakar, Nijar ta fita daga hannun Vichy. Daga Fabrairun 1943 aka fara kwasar samarin Faransa, fiye da 600,000, zuwa masana'antun Jamus. A 1944 Jamusawa suka ɗauke Pétain da Laval zuwa fadar Sigmaringen a kudancin Jamus. Bayan yaƙi, a Faransa aka harbe Laval ranar 15 ga Oktoba, 1945. An yanke wa Pétain hukuncin kisa, de Gaulle ya mayar da shi ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsibirin Yeu a 1951 yana da shekara 95.