Idon Bakwaini Ba Ya Jiran Arba'in

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi da Tsanyawa, idan mace ta haifi bakwaini aka garzaya da shi birnin Kano, addu'ar kowa ɗaya ce: Allah Ya raya. Kuma alhamdu lillahi, yanzu suna rayuwa fiye da da. Akwai kwalbar ɗumama jarirai da iskar oksijin a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin Murtala, da wasu masu zaman kansu. Jaririn da a zamanin kakanninmu ake naɗewa a auduga a zuba wa sarautar Allah ido, yau sai ka gan shi ya dawo gida yana tsotson nono. Aikin ba kaɗan ba ne, domin ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna an haifi bakwaini sama da dubu 770 a Najeriya. Indiya da Pakistan ne kawai suka fi mu.

Sai dai akwai cutar da ke bin irin waɗannan jarirai har gida, wadda likitoci ke kira ROP a taƙaice. Tana iya makantar da yaro har abada cikin 'yan makonni, alhali ido garau yake a waje: babu ja, babu kwantsa, babu hawaye.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani da ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi suna fara tsiro ne daga tsakiya, wajen mako na 16 na ciki, su riƙa bazuwa kamar yaɗon duma, ba sa kai gefe sai ciki ya cika wata tara. Bakwaini yakan fito aikin bai ƙare ba. Idan ya shaƙi oksijin fiye da kima, jijiyoyin sai su tsaya cak. Daga baya ɓangaren da jini bai kai ba ya shiga yunwa, sai wasu jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro barkatai, su yi ta yoyon jini, su bar tabo, tabon kuma ya janyo tantanin ya ɓamɓare shi daga mazauninsa. Nan gani yake tafiya.

Wani likita a Amurka, Theodore Terry, shi ya fara bayyana cutar a 1942. A 1951 wata likitar yara a Ostareliya, Kate Campbell, ta alaƙanta ta da yawan oksijin. Mawaƙin nan na Amurka, Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, wannan cutar ce ta makantar da shi. Amma kada wani ya ji haka ya ce a cire wa ɗansa iska. Da asibitocin Turawa suka rage ta sosai a wancan zamani, makanta ta ragu, mutuwar jarirai da lahanin ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Abin da ake so shi ne a auna. Ƙaramar na'urar nan mai jar fitila da ake maƙala wa jariri a ƙafa aikinta ke nan, kuma babu laifi uba ko kaka su tambaya ko ana amfani da ita.

Tun 1984 likitocin ido na duniya suka amince da hanya ɗaya ta rarraba cutar, aka sabunta ta a 2005 da 2021. Sukan duba inda jijiyoyin suka tsaya, a shiyya ta ɗaya, ta biyu ko ta uku. Gwargwadon kusancinsu da tsakiya, gwargwadon haɗarin. Sannan su duba mataki. A na 1 wani siririn layi ne ke raba inda jini ya kai da inda bai kai ba, a na 2 layin ya zama tudu, a na 3 munanan jijiyoyi sun tsiro a kansa. Na 4 tantanin ya fara ɓamɓarewa, na 5 ya ɓamɓare duka. Idan kuma aka ga jijiyoyin tsakiya sun kumbura sun murɗe, alama ce cutar ta zafafa. Yawancin masu mataki na 1 da na 2 kan warke da kansu, sa ido kawai ake yi, a dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Wanda tasa ta kai a yi magani kuwa, ana so a yi cikin kwana biyu zuwa uku, ko dai a ƙona gefen da jini bai kai ba da hasken lesa, ko a yi wata 'yar allura a cikin idon da ke hana munanan jijiyoyin tsiro. Dukansu suna ceton gani ƙwarai. Tiyatar mataki na 5 kuwa, ko a ƙasashen da suka ci gaba, ba kasafai take dawo da gani mai amfani ba.

To, ga inda gizo ke saƙar a wajenmu. Duban farko ana yin sa ne jariri yana da mako uku zuwa huɗu, kada ya wuce kwana talatin. Wannan kuwa tsakiyar jego ne. An sallamo su, an yi suna, mai jego na wanka safe da yamma, wataƙila ma ta tafi gidan iyayenta a wani ƙauye tare da takardar asibiti. Idan damina ce maigida na gona, noman gero da gyaɗa ba ya jira, kuɗin mota zuwa Kano da dawowa kuma sai an sayar da 'yan kwanonin hatsi ko akuya. Kaka ta ɗaga jariri ta ce, "Wannan idon kamar na uban, me za a duba? A bari a yi arba'in." Ba mugunta ba ce, abin da idonta ya gani ta faɗa. Amma ni a ganina, wannan ce tafiyar da ta fi cancantar a sayar da akuya dominta, kuma tun ranar sallama ya kamata a fara tanadinta. Hutun jego domin lafiyar uwa da ɗa aka yi shi. Fita zuwa asibiti ba ta karya shi.

Wa ya kamata a duba? Duk jaririn da aka haifa saura kamar mako shida ko fiye ciki ya cika, ko nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Haka wanda ya ɗan fi haka nauyi amma ya daɗe a kan oksijin, ko aka ƙara masa jini, ko ya yi fama da cuta a jini. Tagwaye da 'yan uku sukan faɗa cikin wannan sahu. Kafin ku bar asibiti, ku tambayi nas kai tsaye: "An duba masa bayan ido? Yaushe za mu dawo, kuma wurin wa?" A rubuta muku ranar a kati. Haska tocila a ido ba shi ne duban ba. Sai an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, likitan ido ya leƙa da fitila ta musamman. Jariri zai yi kuka, amma 'yan mintoci ne. Idan asibitin da kuka kwanta ba su da mai yi, ku nemi takardar tura ku sashen ido na asibitin Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Kwalli, nonon uwa da ake ɗigawa, da ruwan sassaƙe ba sa isa inda cutar take, wani sa'in ma ƙwayoyin cuta suke ƙarawa. Nonon a baki yake amfani, don shayar da bakwaini nonon uwarsa na rage haɗarin. Idan kuwa aka ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro, kada a kai shi wurin masu cire yana na gargajiya. Yana iya zama wannan cutar ce ta yi nisa, ko yanar ido, ko ciwon dajin ido na yara, wanda ke kisa idan aka yi sakaci. A kwana a asibiti a ranar.

Ko an ce ya warke, yaron da aka haifa bakwaini ya fi sauran yara saurin samun harara-garke da rashin hangen nesa. A riƙa kai shi ana dubawa har ya isa shiga makaranta, a kuma shaida wa malaminsa, na allo ko na boko, don idan ya ga yana kai rubutu dab da hanci ya san tabarau yake buƙata, ba bulala ba.