Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Sufeton Dagwalo Da Lissafin Masu Masana'antu

Duk wanda ya yi wayo a biranen Arewa kafin samun mulkin kai, ko jim kaɗan bayan haka, ba zai manta da duba-gari ba. Shi ne ma'aikacin lafiyar nan da ke bi gida-gida, ya buɗe randa, ya leƙa kwata da salga, wanda ya samu da ƙazanta kuwa sai ya gurfanar da shi gaban alƙali. A wannan zamani duba-gari ya sami magaji, sai dai shi wurin aikinsa bakin bututun da masana'anta ke zubar da dagwalonta ne. Wannan ma'aikaci shi ne sufeton da gwamnati ta ɗora wa nauyin auna gurɓataccen ruwan da kamfanoni ke sakin wa koguna, da tabbatar da cewa bai wuce iyakar da doka ta yanke ba.

Da yawa daga masu masana'antu na kallonsa a matsayin baƙon da ba a marhabin da shi. Amma idan aka dubi aikinsa da idon mai lissafi, za a ga cewa abin da yake yi shi ne mayar da wani kuɗi cikin littafin wanda ya kamata ya biya shi. Tsabtace dagwalo yana cin kuɗi. Idan kamfani bai biya ba, kuɗin ba ya ɓacewa, yana komawa ne kan mai lambun da ke ban-ruwa a ƙasan kogi, da masuncin da kifinsa ya mutu, da hukumar ruwan sha wadda dole ta ƙara sayen alam da sauran magunguna.

Yadda aikin ya samo asali

Idan za a iya tunawa, a shekarar 1988 ne aka gano cewa an jibge gangunan guba fiye da tan 3,000 da aka shigo da su daga Italiya a garin Koko, wanda a lokacin yake cikin Jihar Bendel, yanzu kuma Jihar Delta. Wannan abin kunya ya farkar da Gwamnatin Tarayya ta Janar Ibrahim Babangida. A cikin shekarar ta kafa Dokar Soja mai lamba 42 wadda ta haramta safarar shara mai guba, sannan ta kafa mai lamba 58 wadda ta haifi Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wato FEPA.

A 1991 hukumar ta fito da ƙa'idojin zubar da dagwalo, waɗanda suka wajabta wa kowace masana'anta ta kafa na'urar tace ruwanta kafin ta sake shi, ta riƙa ajiye bayanin abin da take zubarwa, kuma ta sanar da hukuma cikin sa'o'i 24 idan wani haɗari ya sa guba ta kwarara. A 1992 Doka mai lamba 86 ta ƙara da cewa ba a fara babban aiki sai an nazarci illarsa ga muhalli. An narkar da FEPA cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, kana a 2007 aka kafa hukumar NESREA wadda ita ce ke riƙe da wannan aiki a yau, ban da ɓangaren man fetur da iskar gas. A 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman domin masaƙu da kamfanonin jima da na takalma. Har ila yau jihohi suna da ma'aikatu da hukumominsu, kamar LASEPA ta Jihar Legas wadda aka kafa a 1996.

Abin da ke fita daga majema

Babu inda aikin sufeto ya fi fitowa fili kamar Kano, cibiyar cinikin fata da ƙiraga ta ƙasar nan. Tun ƙarnoni da suka wuce majeman gargajiya ke jeme fata da toka da bagaruwa, har fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara ta yi suna a Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko. Kamfanonin zamani da ke unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai kuwa sun dogara ne ga sinadarin kuromiyam, domin shi yana gama cikin kwana guda abin da bagaruwa ke ɗaukar kwanaki masu yawa tana yi.

Aikin yana shan ruwa ƙwarai. Tan guda na ɗanyen ƙirgi kan ci lita 30,000 ko fiye kafin a gama da shi, abin da ake samu na gyararriyar fata kuwa bai cika wuce kilo 250 ba. Saura duk gishiri ne, da gashi, da kitse, da tsokar da aka kankare, da farar ƙasa, da sinadarin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda ake cire gashi da shi, sai kuma ragowar kuromiyam ɗin da fata ba ta sha ba.

Ruwan da ya ɗauko waɗannan abubuwa yana da hanyarsa. Na Sharaɗa kan bi rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, inda na unguwar Challawa ke zuba shi ma. Na Bompai kan bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya zarce madatsar ruwa ta Wasai, kuma a gaɓar wannan hanya masu lambu ke noman latas da kabeji da karas da ake kai wa kasuwannin birni. Kogin Challawa da Kogin Kano su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ruwansa ke ratsa Jigawa da Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Daga wannan rukunin koguna ne kuma matatun Challawa da Tamburawa ke ɗibar ruwan da birnin ke sha.

Yinin sufeto

Sufeton da ya san aikinsa ba ya aiko da saƙon zuwansa. Yakan isa ƙofar kamfani da katin shaidarsa, da kwalabe masu tsabta, da akwatin ƙanƙara, da 'yan na'urorin da ake riƙewa a hannu. Abin da ya fara nema shi ne takardar izinin zubar da dagwalo da kuma rahotannin gwajin da kamfanin ya yi da kansa. Daga nan sai ya bi ruwan da ƙafa, tun daga inda ya shigo har inda ya fita daga katanga, yana ƙirga bututu, domin bututun da ba ya cikin taswirar kamfani shi ne ya fi bukatar tambaya.

Akwai awon da dole a yi shi nan take, saboda yana sauyawa cikin ɗan lokaci: zafin ruwan, da yawan iskar oksijin da ke cikinsa, da ma'aunin pH wanda ke nuna ko ruwan ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Ƙa'idojin 1991 sun yanke cewa ruwan da za a saka a kogi kada zafinsa ya kai digiri 40, ma'auninsa na pH ya tsaya tsakanin 6 da 9, laka da dattin da ke yawo a ciki kada su wuce miligiram 30 a lita guda, kuromiyam kuma ya gaza miligiram 1. Domin a fahimci nauyin wannan adadi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam a ruwan sha a kan miligiram 0.05 ne kacal.

Sauran gwajin sai a ɗakin bincike. Sufeto yakan ɗebi samfur a bakin bututu, ya ɗebi wani a saman kogi kafin dagwalo ya shiga, ya ɗebi na uku a ƙasa bayan ya gauraya. Bambancin na sama da na ƙasa shi ne ke nuna rabon kamfanin a ɓarnar. Yakan liƙa wa kowace kwalba suna da rana da sa'a, wakilin kamfani ya sa hannu, sannan a sa ta cikin ƙanƙara. Wannan tsari ba ƙaramin abu ba ne, domin lauya mai wayo zai iya rushe shari'a baki ɗaya idan aka kasa nuna hannun da kwalba ta bi daga bakin kogi zuwa teburin gwaji. Ɗaya daga manyan gwaje-gwajen, wanda ake kira BOD, kwana 5 yake ɗauka a zafin digiri 20. Yana auna yawan iskar da ƙwayoyin halitta za su cinye wajen ruɓar da dattin, wato iskar da kifi zai rasa.

Inda littafi ya fi kwalba gaskiya

Sanin kowa ne cewa kwalba ba ta ba da labari sai na sa'ar da aka cika ta. Kamfanin da ke son kauce wa doka yana da dabaru da aka sani a duk duniya: ya tara dagwalo ya sake shi da tsakar dare ko lokacin da ake sheƙa ruwan sama, ya surka shi da ruwan rijiya kafin a auna, ko ya kunna na'urar tacewa ranar da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin baƙi kaɗai.

A nan ne ƙwararren sufeto ke komawa akanta. Yakan tambayi yawan fatar da aka jeme a wata, ya kwatanta da ruwan da aka ce an tace. Yakan nemi rasiɗin alam da farar ƙasa, ya duba man dizal ko lantarkin da na'urar ta ci, ya kuma tambayi inda aka kai lakar da ta kwanta a tankuna. Na'urar da aka ce tana aiki dare da rana, alhali ba ta ci mai ba kuma ba ta fitar da laka ba, ta riga ta ba da shaida a kan mai ita. Bayan haka sai rahoto, sai takardar gargaɗi mai wa'adi, idan an ƙi ji a kai ga rufe wurin da zuwa kotu.

Raunin da ke tattare da aikin

Duk da wannan iko, hannun sufeto bai kai tsawon da ake zato ba. Masana'antu suna da yawa, ma'aikata da motoci da ɗakunan gwaji kuwa kaɗan ne. Ma'aikacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba shi ake aikawa ya tsaya gaban mai jarin miliyoyi, kuma kowa ya san irin jarrabawar da ke cikin haka. Bugu da ƙari, kamfani guda kan karɓi baƙuncin jami'an tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, kowa da takardarsa da kuɗin da yake nema, abin da masu masana'antu suka daɗe suna kuka da shi, kuma kukan nasu yana da hujja.

Sai kuma batun tara. Dokar 1988 ta yanke wa kamfanin da ya zubar da guba tarar da za ta iya kai Naira 500,000, da ƙarin Naira 1,000 a kowace rana. A wancan lokaci dala ba ta kai Naira 5 ba a farashin gwamnati, ke nan tarar ta haura dala 100,000. Dokar 2007 ta ɗaga adadin zuwa Naira miliyan 1 da ƙarin 50,000 a kullum, amma a canjin shekarar wannan miliyan bai wuce kimanin dala 8,000 ba. An yi wa dokar gyara a 2018, sai dai matsalar tana nan: duk tarar da aka rubuta da ƙayyadadden adadin Naira, hauhawar farashi na cinye ta a hankali. Ranar da tara ta fi kuɗin dizal ɗin na'urar tacewa araha, wasu za su ɗauke ta tamkar haraji, su biya su ci gaba.

Abin da ya shafi aljihun ɗan kasuwa

To, me zai sa mai kamfani ya gyara tun kafin a tilasta masa? Dalili na farko yana cikin kwatarsa. A jima irin ta yau da kullum, fata kan sha kashi 60 zuwa 70 ne cikin 100 na kuromiyam, saura ya bi ruwa. Wato a cikin kowace Naira 100 da aka kashe wajen shigo da shi da kuɗin waje, 30 zuwa 40 kogi ake ba. Akwai hanyar da aka daɗe da sani ta ware wannan ruwa daban, a sa masa sinadarin da zai kwantar da kuromiyam ɗin, a narkar da shi a sake jima da shi.

Dalili na biyu masu saye ne. Kuromiyam ɗin da ake jima da shi yana iya rikiɗa ya koma wani nau'i mai tsananin illa idan aikin bai yi kyau ba. Tun daga watan Mayun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan wannan nau'i ya kai miligiram 3 a kilo guda. Kazalika manyan kamfanonin takalma da jakunkuna na duniya sukan nemi shaidar ƙungiyar Leather Working Group, wadda aka kafa a 2005, kuma masu bincikenta na duba yadda majema ke tace ruwanta. Mai fitar da fata zuwa Italiya ko Sifen wanda ya kauce wa sufeton gida zai tarar da na waje yana jiransa, shi kuwa wannan ba tara yake yankawa ba, oda yake sokewa.

Dalili na uku shi ne abin da ya faru da wasu. A 1996 Kotun Ƙolin Indiya, a shari'ar majemun Jihar Tamil Nadu, ta tabbatar da cewa wanda ya gurɓata shi zai biya, ta kuma ba da umarnin rufe waɗanda suka ƙi kafa na'urar tacewa. A Bangaladash kuwa, a 2017 an yanke wa majemun unguwar Hazaribag da ke Dhaka wuta da ruwa da gas bisa umarnin kotu, aka tilasta musu komawa Savar. A duka wuraren biyu an shafe shekaru ana gargaɗi kafin hukunci ya sauka, kuma da ya sauka ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa sun ɗanɗana kuɗarsu.

Gaskiya ne cewa ƙaramar majema ba za ta iya gina matata ita kaɗai ba. Mafitar da aka bi a Indiya da Italiya ita ce matata guda ta haɗin gwiwa a kowace unguwar masana'antu, kowane kamfani ya fara rage dattinsa a gida, sannan ya biya gwargwadon yawa da ƙarfin abin da ya turo. Irin wannan tsari ba ya tafiya sai da awon da kowa ya yarda da shi, domin in babu shi mai gaskiya ne zai riƙa biya wa maƙwabcinsa. Saboda haka ƙungiyoyin masu masana'antu su ne ya kamata su fi kowa matsa wa gwamnati ta ba sufeto mota, da ɗakin gwaji mai aiki, da albashin da zai hana shi kallon ambulan, ta kuma haɗa ziyarar jami'an tarayya da na jiha ta zama guda.