Ɗan baffanka da kalmar "brother": sunayen dangi tsakanin Hausa da Turanci

Yau za mu ɗan leƙa gidan maƙwabta, wato Turanci, amma kada ka ce Malam ya saki layi. Nahawun Hausa ne zai riƙe mana fitila har mu je mu dawo.

Ga abin da ya jawo maganar. A zangon karatun da ya wuce, wata malamar Turanci 'yar bautar ƙasa da aka turo mana daga Kudu ta shigo ofishin malamai da takardar wata ɗaliba a hannu, hankalinta a tashe. Aikin da ta ba su shi ne kowa ya rubuta labarin gidansu. Yarinyar ta rubuta: "My sister married my brother last year." Malama ta ce lallai a kira iyayen yarinyar nan a ji ba'asi. Da na karɓa na karanta sai dariya ta ƙwace mini, don na san gidan, har ɗaurin auren ma na je, a nan Gagarawa Tasha. Yayarta ce ta auri ɗan baffansu, auren zumunci irin wanda kowa ya sani. Yarinyar kuwa tun tana rarrafe take ce masa Yaya, gida ɗaya suka tashi, tukunya ɗaya. A Hausa gaskiya ta faɗa. A Turanci kuma ta rubuta cewa uwa ɗaya uba ɗaya sun auri juna.

Ka ga matsalar ke nan. Yawancinmu haddar kalmomin dangi muka yi a firamare bibbiyu: uba father, uwa mother, ɗan'uwa brother, kawu uncle. Sai muka ɗauka kowace kalmar Hausa tana da tagwaininta a Turanci. Ba haka abin yake ba. Kowane harshe akwai abin da yake tilasta maka ka faɗa game da ɗan'uwanka, akwai kuma abin da bai damu da shi ba, kuma harsunan nan biyu ba wuri ɗaya suka sa ido ba.

Hausa ta damu da shekaru. Ba ka cika jin Bahaushe ya tsaya a "ɗan'uwana" ba idan ana maganar cikin gida, sai ya ce wana ko ƙanena, yata ko ƙanwata. Girma da ƙanƙanta suna cikin kalmar kanta, domin su ne ke nuna wa zai gaida wa, wa zai aiki wa. Bature kuwa brother kawai zai ce ya wuce, ko wan ya ba shi shekara ashirin. Idan kana son ka fito da bambancin sai ka ƙara kalma: elder brother ko older brother ga wa, younger brother ga ƙane. Senior brother da junior brother da muke ji kullum a bakin mutane Turancinmu ne na Nijeriya, kowa zai gane ka a kasuwa, amma a takardar WAEC ko NECO ka kiyaye su. Sannan ka lura, "ya girme ni" shi ne he is older than me. Ba a cewa elder than, balle "he senior me".

Hausa ta kuma damu da ɓangare. Ɗan'uwan mahaifinka baffa ne, ɗan'uwan mahaifiyarka kawu. 'Yar'uwar mahaifinka goggo, 'yar'uwar mahaifiyarka inna. Na sani, a gidaje da yawa yanzu kawu ya haɗiye baffa, kowa kawu ne, wasu kuma Baba suke ce wa duk wan uba da ƙanen uba. Amma tsarin yana nan, tsofaffi ba sa kuskurensa. Kalmomin kawu da baffa da goggo ma masana sun nuna daga Fulatanci muka aro su. Tsohuwar kalmarmu ta ɗan'uwan uwa ita ce rafani, ka buɗa ƙamus za ka same ta, ko da yake da wuya ka ji yaro ya furta ta yau. Ɗan Islamiyya ba zai ga baƙon abu a wannan rabon ba, don Larabci ma haka ya yi: ammu da ammatu ta wajen uba, khalu da khalatu ta wajen uwa.

Turanci duk ya zuba su a kwando biyu, uncle da aunt. Har mijin goggonka uncle ne, matar kawunka aunt ce. Abin da zai ba ka mamaki, da can ba haka yake ba. Turancin dauri yana da eam ga ɗan'uwan uwa, da faedera ga ɗan'uwan uba, kamar dai kawu da baffa. Bayan Normawa masu magana da Faransanci sun ci Ingila a 1066 ne kalmar uncle ta shigo, sannu a hankali ta kore su duka. Ita kuma asalinta daga avunculus ta Latin, wadda ma'anarta ɗan'uwan uwa. Wato uncle ɗin ma kawu ne tun fil azal, daga baya ya haɗiye baffa, irin abin da namu kawun yake yi yanzu. Idan bambancin yana da muhimmanci a rubutunka, ka ce maternal uncle ga kawu, paternal uncle ga baffa, ko ka sauƙaƙa wa kanka ka ce my mother's brother, my father's brother.

To, ina Turanci ya sa nasa idon? A kan iyakar ɗaki. Shi a wurinsa brother da sister sai wanda kuka haɗa uwa ko uba. Da an tsallaka zuwa 'ya'yan baffa, ko na kawu, ko na goggo, ko na inna, an shiga cousin, mace ko namiji, babba ko ƙarami. Wannan kalmar ce ɗalibar nan ta rasa. My sister married our cousin, da magana ta ƙare. Kada kuma ka ce za ka yi gyara ka rubuta cousin brother ko cousin sister, mai duba takarda zai ja maka jan layi. Mu ba mu da kalma guda da ta yi daidai da cousin. Akwai taubashi, amma shi na musamman ne, ɗan mace da ɗan namiji masu wasa da juna, wato kai da ɗan kawunka ko ɗan goggonka. Ɗan baffanka ba taubashinka ba ne, wanka ne ko ƙanenka.

Haka nephew da niece. A Hausa sai dai ka yi zagaye, ɗan wana, 'yar ƙanwata. Kuma kai ma ka sani, dattijon kirki ba zai nuna yaro a gaban mutane ya ce "ɗan wana ne" ba, sai ya ce "ɗana ne", don kada a ce yana wariya. Wannan kara tana da kyau a zaure. Amma ranar da aka miƙo maka fom na makaranta ko na banki ko na fasfo, aka ce ka rubuta dangantakarka da wane, to abin da jini ya ce ake tambaya. Wanda ya rubuta son a kan ɗan wansa, ko father a kan baffan da ya riƙe shi, sai ranar tantancewa a ga sunaye ba su haɗu ba, a shiga rantsuwar kotu da zirga-zirga.

Gidan mace fiye da ɗaya ya fi ba ɗalibai wahala, don harshen bai tashi a irin gidan ba. Wanda kuka haɗa uba kawai, ko uwa kawai, half-brother ne ko half-sister. Na san kunnen Bahaushe ba ya son jin "rabi" a kan ɗan'uwansa, kamar ana hura wutar 'yan ubanci, amma a Turanci ba zagi ba ne. Stepbrother daban: shi ba ku haɗa kowa ba, aure ne ya tara ku, kamar agolan da amaryar babanka ta zo da shi. Bambancin ba ƙarami ba ne, tunda ɗan uba yana cin gādon mahaifinku, agola ba ya ci. Kishiyar uwa kuma ana iya ce mata stepmother, sai dai Bature in ya ji haka zai zaci mahaifiyarka ta rasu ko ta fita. Idan tana ɗakinta lafiya lau, my father's second wife ko my mother's co-wife ya fi fito da hoton.

Yanzu mu dawo gida, ga inda nahawun yake.

Dubi waɗannan: ƙanena, ƙanwata. Mai maganar mutum ɗaya ne, amma ga -na ga -ta. Me ya canza? Jinsin wanda ake magana a kansa. Shi ya sa kalma ɗaya take iya ba ka mutum biyu: kakana da kakata, yayana da yayata, jikana da jikata. Inda Turanci ya ƙera kalmomi biyu, grandfather da grandmother, mu ɗafa-ƙeya kawai muka juya. Turanci my ɗinsa ɗaya ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

Sai a mutum na uku abin yake rikicewa. Ɗauki "Audu ya zo da ƙanwarsa." A cikin ƙanwarsa akwai alamar jinsi guda biyu. Harafin -r yana kallon ƙanwa, don mace ce. Shi kuma -sa yana kallon Audu. Turanci gurbi ɗaya gare shi, kuma mai abu yake kallo: Audu came with his sister. Ɗalibi kuwa da ya hango mace a gaba sai hannunsa ya rubuta her sister, ya mai da Audu mace. Na ga wannan a takardu ba adadi. Dabarar ita ce ka manta da -n da -r, ka saurari wutsiyar kalmar: -sa his, -ta her. Ƙanensa, ƙanwarsa, duk his. Ƙanenta, ƙanwarta, duk her. 'Yan'uwanmu na ƙasar Damagaram da ke tsallako wa kasuwar Maigatari ran Alhamis, waɗanda suka yi boko da Faransanci, su sun fi mu shiga wannan tarkon in sun zo koyon Turanci, don a can mon frère da ma soeur ake cewa, kamar -na da -ta ɗinmu, kuma sa soeur tana iya zama ƙanwarsa ko ƙanwarta.

A nan zan ɗan yi faɗa. Ƙanwata daban, ƙanwarta daban. Ta farko tawa ce, my sister. Ta biyu tata ce, her sister. Harafi ɗaya ne tsakani, kuma kullum sai na gan shi ya ɓace a rubuce-rubucenku na waya. Haka yata da 'yata: ta farko ta girme ka, ta biyu kai ka haife ta. Haka yaya da 'ya'ya. Wanda bai bambanta su a Hausa ba, ta yaya zai fassara su daidai? Kuma a haɗe ake rubutawa, ƙanena, ba "ƙane na" ba. Nawa da tawa su ne ke tsayawa su kaɗai.

Sai jerin mallaka. Hausa tana fara ambaton abin, sannan mai shi: gidan Musa, matar Audu. Turanci in zai yi amfani da 's sai ya juya: Musa's house, Audu's wife. Da kalma biyu ba wuya. Gwada wannan: gidan abokin ƙanen mahaifina. Ka fara daga ƙarshe ka yi baya-baya, kamar mai kwance tufka: my father's younger brother's friend's house. Daidai ne, sai dai ya yi nauyi a baki, don haka a gajarce a ce my uncle's friend's house. Ka kuma lura da mazaunin 'yar waƙafin nan ta sama: my brother's wives matan ɗan'uwanka guda ne, my brothers' wives matan 'yan'uwanka ne da yawa. Surukai kuma, jam'in yana kan kalmar farko, brothers-in-law, ba a wutsiya ba.

Abokai ba su da rikici sosai, sai tarko biyu. Mu mun raba, namiji yana da aboki, mace tana da ƙawa, in an shaƙu a ce amini ko aminiya. Turanci friend ne duka, amini kuma close friend ko best friend. Tarko na farko, kada ka ce za ka nuna jinsi ka rubuta girlfriend ko boyfriend. Waɗannan budurwa da saurayi ne, na soyayya. Yaro ya taɓa rubuta wa malami cewa yana da girlfriends goma sha biyu a ajinsu, shi kuwa bawan Allah 'yan ajinsu mata yake nufi. Na biyu, ba duk aboki ne friend ba. Kalmar a Hausa tana nufin wanda kuka yi tarayya a kan wani abu, ko mai daɗi ko marar daɗi. Abokin aiki colleague, abokin karatu classmate, abokin ciniki customer, abokin ango best man. Abokin gaba fa? Enemy. Abokiyar zama kuma kowa ya san kishiya ce aka saya wa suna.

Ga na gwaji, ku juya su zuwa Turanci a littafinku kafin darasi na gaba. Na ɗaya: Binta ta tafi Gumel da wanta da ɗan kawunta. Na biyu: Yata ta girmi matar baffana. Na uku: Sani da ƙanwarsa uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa. Na huɗu: Ƙawar facalar innata ta auri abokin aikin surukina. Ta huɗun sai ka fara zama ka tantance wace ce facala, kuma wane surukin kake nufi, uban matarka ko mijin 'yarka, don Turanci ba zai bar ka ka wuce ba sai ka zaɓa. Wanda kuma ya karanta mini yata a matsayin 'yata a ta biyun, makinsa ya tafi tun kafin a zo kan Turancin.